Wasiƙa: Mayar da motar bashi a Birtaniya, abin da doka ta ba ka da abin da kamfani zai nema

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana mazauna Birtaniya, musamman waɗanda suka shigo aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya tun da aka buɗe wa masu wannan aiki ƙofar biza a watan Fabrairun 2022. Na san da yawansu a waya suke karanta ku. Aikin nan na bin gida-gida ba ya yiwuwa sai da mota, kuma mafi yawanmu ba kuɗi hannu muka saye ta ba. Bashi ne da ake cira daga asusu duk wata, idan kuwa aiki ya ja baya ko kuɗin haya ya hau, motar ce ke fara shaƙe mutum.

Dokar ƙasar nan ta ba mai irin wannan bashi ikon ya soke yarjejeniya da kansa, ya mayar da mota, ya tafi abinsa, muddin ya biya rabin jimillar kuɗin. Wannan gaskiya ne, ni ma na yi. Sai dai masu yaɗa labarin a zaurukan WhatsApp a nan suke tsayawa, alhali rigimar ba a wajen soke yarjejeniya take ba. Tana ranar da za a zo ɗaukar motar, da kuma takardar neman kuɗi da ke biyo baya. Wanda ya shiga wannan rana ba shaida a hannunsa, duk abin da aka rubuta masa shi zai biya.

Da farko mutum ya san wace irin takarda ya sa wa hannu, domin ba kowace motar da ake biya wata-wata ce dokar ta shafa ba. Akwai HP, inda ake raba kuɗin motar da ruwansa daidai wa daida a kan watanni, ranar da ka biya na ƙarshe ta zama taka. Akwai PCP, wanda dillalai suka fi tallatawa saboda kuɗin watansa ya fi sauƙi, amma an tara wani dunƙulen kuɗi an ajiye maka a ƙarshe, ko ka biya shi ka riƙe motar, ko ka mayar. Waɗannan biyun su ne sashe na 99 da na 100 na Dokar Bashin Masu Sayayya ta 1974 suka rufa wa asiri. Wanda ya ɗauki hayar mota ta dogon lokaci, wadda ba zancen mallaka a cikinta, ba shi da wannan dama. Haka wanda ya ci bashin banki ya je ya sayi mota da kuɗin: motar tasa ce tun ranar farko, bashin ma nasa ne, ba wanda zai mayar wa. Wanda kuma ya ɗauko ta da sunan kamfaninsa mai rajista ya fita daga inuwar dokar. A HP da PCP kuwa, duk da sunanka ne a takardar rajistar mota ta V5C, motar ta kamfanin bashi ce har sai ka gama biya. Hoton da ake turawa gida ana jingine da ita ba ya canza wannan.

Wannan dama ba kyautar kamfanoni ba ce, kuma ba jiya aka fara ta ba. Kafin yaƙin duniya na biyu, masu sayar da kayan ɗaki da rediyo a kan biya kaɗan-kaɗan sun yi ƙaurin suna wajen jira sai talaka ya kusa gamawa, ya makara sau ɗaya, su zo su kwashe kayan su sake sayar wa wani. 'Yar majalisa Ellen Wilkinson, mai wakiltar Jarrow, ita ta kai ƙudurin da ya zama doka a 1938, kuma daga can ƙa'idar rabi da ta kashi ɗaya cikin uku (wadda ta hana a ƙwace kaya ba umarnin kotu in an biya wannan kason) suka samo asali, aka ci gaba da ɗauko su har zuwa dokar 1974. Ita wannan dokar ta kuma hana a rubuta sharaɗi a yarjejeniya da zai ƙwace maka abin da ta ba ka. Saboda haka in ma'aikacin kamfani ya ce maka "tsarinmu bai yarda ba", ka sani tsarinsu ba ya gaban majalisa.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne ma'anar rabin. Ba rabin watanni ba ne, ba kuma rabin farashin da aka liƙa a gilashin mota ba. Rabin duk abin da za ka biya ne da a ce ka kai ƙarshe: kafin alƙalami, kuɗin wata-wata, ruwa, 'yan kuɗaɗen takarda, har da dunƙulen nan na ƙarshe idan PCP ne. Bari in ba da lissafina. Na ɗauki motar a 2022, lokacin da ƙarancin na'urorin lantarki ya sa sababbin motoci suka yi wuya, tsofaffi suka yi tsada. Farashinta fam 16,000, tana da shekara uku a kan titi. Na ba da fam 1,500 kafin alƙalami, sai fam 260 duk wata har wata 48, sannan dunƙulen fam 6,500 da fam 10 na mallaka. In ka tara za ka samu fam 20,490, rabinsa fam 10,245. Mai lissafin watanni zai ɗauka a wata na 24 ya kai. Ina! Sai a wata na 34. Ba sai ka wahalar da kanka da lissafi ba ma, adadin yana nan a rubuce cikin yarjejeniyar, a sakin layin da ke bayanin haƙƙinka na sokewa. Ka ciro takardar daga inda ka cusa ta ka duba.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, ba dole sai ka kai rabin kafin ka soke ba. Kana iya sokewa a kowane lokaci kafin biyan ƙarshe ya zo, sai ka cike giɓin. Lokacin da aka rage mana awanni a wurin aiki, abin da na biya ya kai fam 9,300, saura fam 945 in kai rabi. In kuwa ka riga ka wuce rabin, ba a mayar maka da ko peni, don haka duk watan da ka ƙara bayan ka yanke shawara, kyauta ka yi. Bashin watannin da ka tsallake kuma yana nan a wuyanka ko ka wuce rabi.

Kafin ka rubuta komai, ka nemi kamfanin ya ba ka adadin da za ka biya a rufe bashin gaba ɗaya a yau, sannan ka zagaya ka ji nawa dillalai za su sayi motar. Idan darajarta ta fi abin da ake binka, mayarwa asara ce, gara dillali ya biya kamfanin ya ba ka canji. A 2021 da 2022 mutane da dama sun ci wannan riba. Ni kuwa farashin tsofaffin motoci ya riga ya faɗo kafin in motsa: ana bina kusan fam 9,900, dillalin da ya fi kowa tayi ya tsaya a fam 7,300. Giɓin fam 2,600 ke nan daga aljihuna in na sayar. Shi ya sa na zaɓi mayarwa.

Da na buga wa kamfanin bashin waya, yarinyar da ta ɗauka ta yi mini fara'a ƙwarai. Ta ce me zai hana in koma wurin dillali a canza mini wata, a ɗora ragowar bashin a kan sabuwar yarjejeniya. Na ce a'a. Ta ce to ai akwai hanya mai sauƙi, in miƙa musu motar kawai su sayar. A nan ne nake son kowa ya buɗe kunne. Miƙa mota su sayar wani abu ne daban da soke yarjejeniya, ko da yake a baki kamar ɗaya suke. In ka miƙa, yarjejeniyar na nan da ranta: za su kai motar gwanjo, su cire abin da ta yi daga jimillar bashin, ragowar duka kai za a bi. Kuma farashin gwanjo kowa ya san yadda yake. In ka soke bisa sashe na 99, wanda a nan ake taƙaitawa da VT, rabin nan shi ne iyaka, ko nawa motar ta yi a gwanjo ba ruwanka. Ban ce yarinyar ta yi nufin cuta ba, abin da aka rubuta mata a allon kwamfuta take karantawa. Amma mutumin da Turancinsa bai zauna ba, ga gajiyar aikin dare, zai iya cewa "to" ya ɗauko wa kansa bashin dubbai.

Maganin wannan shi ne rubutu, dokar ma sanarwa a rubuce ta sani, ba hira a waya ba. Layi huɗu sun isa: sunanka, lambar yarjejeniya, lambar mota, da cewa ka soke yarjejeniyar daga yau bisa sashe na 99 na dokar 1974, su faɗa maka ranar da za su karɓi motarsu. Na aika ta imel, na kuma aika ta gidan waya da irin wasiƙar da ake sa hannu kafin a karɓa, na adana rasit. Ba izini kake nema ba, sanar da su kake yi. Bayan 'yan kwanaki suka turo mini wasu takardu masu shafuka da yawa wai in sa hannu "domin a kammala". Da na karanta sai na ga a ciki akwai layin da ke cewa na amince in biya duk abin da mai dubawarsu ya ƙiyasta. Na amsa cikin ladabi cewa wasiƙata ta wadatar, ba zan sa hannu a kan sabon sharaɗi ba. Ba su sake tayar da zancen ba.

Tsakanin wasiƙa da ranar ɗauka, motar amana ce a hannunka. Kada ka soke inshora, domin in wani ya goge ta a bakin titi a wannan tsakanin, kai za a tambaya. Ni dai na daina hawanta, na ɗauki hoton lambar mil a ranar da na aika wasiƙar. Wasu kamfanonin sukan ce ka biya kuɗin zuwa ɗauka. Ka tambaye su ko akwai wuri kusa da kai da za ka kai ta da kanka ba tare da biyan komai ba, kuma amsar ta zo a rubuce.

Ana gobe za a zo na wanke ta ciki da waje. Ba don in burge kowa ba, datti yana ɓoye ƙarce a hoto, kuma mota mai ƙura tana ba mai dubawa dalilin rubuta kuɗin wanki. Na tattara makulli biyu, littafin sabis da rasit ɗin gareji, takardar MOT ta gwajin lafiyar mota, ɗan ƙarfen kwance notin taya, da murfin da ke rufe kayan but. Sannan na shiga allon motar na goge lambobin waya da adireshin da ke cikin na'urar nuna hanya. 'Yan uwa masu aikin kula, ku riƙe wannan: adireshin tsofaffin da kuke zuwa gidajensu duk suna cikin allon nan, kuma motar hannun baƙo za ta faɗa.

Mutumin ya zo da safe, da riga mai ƙyalli da kwamfutar hannu. Ba ma'aikacin kamfanin bashin ba ne, na wani kamfani ne da aka ɗauka aikin dubawa da ɗauka. Kafin ya taɓa motar na ce masa zan ɗauki bidiyo, ya ce ba damuwa. Na fara da lambar motar, na faɗi kwanan wata da bakina, na bi ta a hankali ƙofa bayan ƙofa, na durƙusa a kan kowace taya, na buɗe but, na nuna kujeru da rufi, na tayar da inji domin a ga babu wata fitilar gargaɗi a dashbod, na tsaya a kan lambar mil. Na jera makullan da takardun a kan kujerar gaba na ɗauke su hoto. Duk inda akwai ƙarce na ɗora ɗan rula a gefensa kafin in ɗauka, domin ƙarce a hoto ba shi da girma sai an auna shi da wani abu. Shi kuma yana nasa: ya karkata kai yana kallon jikin ƙofa ta gefe, ya shafa fenti da yatsa, ya ciro wani kati mai da'irori yana gwadawa. Da ya gama ya miƙo mini allon ya ce in sa hannu da yatsa a cikin wani ɗan akwati. Na ce sai na ga abin da ke sama. Ya ja shafin, sai ga jerin abubuwa da farashi a gefen kowanne. Na ce zan sa hannu cewa ya karɓi mota da makulli biyu a wannan rana, amma ba cewa na yarda da jerin ba. Ya nuna mini wurin da ake zaɓar rashin amincewa, na zaɓa, na ɗauki hoton allon. Bai ji haushi ba, da alama ya saba. Muka yi musabaha ya ja motar.

Takardar ta iso daga baya, fam 1,720. Fam 840 na lalacewa ne: gogewar rim biyu fam 130, ƙarcen bamba fam 180, loɓawa a ƙofar baya fam 120, murfin but da wai babu fam 150, wanki fam 60, rashin shaidar sabis fam 200. Sauran fam 880 na wuce iyakar mil ɗin da aka yanka mini a yarjejeniya ne. An rubuta ta da jan layi da wa'adin biya, irin rubutun da ke sa gaban mutum ya faɗi. Amma wannan takarda ba hukuncin kotu ba ce, buƙata ce ta ɓangare ɗaya, kuma wanda ke neman kuɗi shi ya kamata ya nuna dalilinsa.

Abin da dokar ta ɗora maka shi ne kula da motar gwargwadon hankali. Ba ta ce ka mayar da ita sabuwa ba. In ka gaza wannan kulawa, sai a ƙara maka abin da zai rama wa kamfani asararsa. Kamfanoni kuwa sukan auna da littafin ƙungiyar masu ba da hayar motoci, BVRLA, wanda ya fayyace tsufan da ake yafewa. A cikinsa ƙarcen da bai wuce milimita 25 ba, in bai kai ga ƙarfe ko farar ƙasan fenti ba, ana yafe shi, gogewar rim har milimita 50 ma haka, taya kuma kada zanenta ya gaza milimita 1.6 da dokar hanya ta gindaya. Littafin yana da amfani, kuma ina ba kowa shawara ya san abin da ke cikinsa kafin ranar ɗauka. Sai dai ba doka ba ne, kuma an tsara shi ne da tunanin motocin da akasari aka bayar sababbi aka karɓa bayan 'yan shekaru. Motar da ta shekara uku a hannun wani kafin ta zo hannunka, a ganina zalunci ne a auna ta da wannan ma'auni ba tare da an duba shekarunta ba.

Na amsa musu abu bayan abu. Murfin but ga shi a bidiyo, a minti kaza. Wanki, ga kujerun nan a hoto. Sabis, ga rasit ɗin gareji da hoton littafin a kan kujera ranar ɗauka. Rim, ga rula a gefe, bai kai ma'aunin nasu ba. Ƙarcen bamba kuwa da shi na sayi motar, kuma hoton tallar dillalin da na adana tun lokacin yana nuna shi. Gani ya kori ji, duk waɗannan suka janye. Loɓawar ƙofa ban yi gardama ba, a hannuna ta faru a wani wurin fakin, kuma ta wuce abin da za a kira tsufa. Na biya fam 120. Wasu a zaurukanmu suna cewa kada a biya ko sisi, wai in an kai rabi an gama. Ban yarda da su ba. Wanda ya fasa fitila ko ya ƙona kujera da sigari, haƙƙin mutane ne a kansa, kuma musun abin da ke fili yana raunana musun abin da kake da gaskiya a kansa.

Zancen mil ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan nake jan kunnen masu cewa kai tsaye ba a biya. A PCP ana yanka maka iyakar mil a shekara, nawa mil 8,000 ne, duk mil ɗin da ya hau kuma peni 8. Lokacin da na ɗauki motar a gida ɗaya nake aiki, daga baya aka mayar da ni bin gidaje har ƙauyukan bayan gari, na wuce kason da mil 11,000. Masu cewa ba a biya hujjarsu ita ce sashe na 100 bai ambaci mil ba, rabi da kulawa kawai ya ambata. Kamfanoni kuma suna kafa hujja da sashe na 99 ɗin kansa, inda ya ce sokewa ba ta shafe abin da ya riga ya hau kanka kafin ranar sokewa. Akwai hukunce-hukuncen ofishin sasanta rikicin kuɗi, wato FOS, da suka ba kamfani gaskiya a inda yarjejeniya ta fayyace cewa kuɗin mil yana hawa ko da an soke da wuri. Tawa ta fayyace, baƙi a kan fari. Na tabbatar sun yi lissafin a kan watannin da motar ta yi a hannuna, na nemi a raba mini biyan, suka yarda. In ka tara duka, mayarwar ta ci mini fam 1,945, sayarwa kuma da ta ci fam 2,600. Na tsira da wani abu, amma bai kai yadda ake zuzutawa ba. Duk mai aikin bin gidaje ya sa kuɗin mil a lissafinsa tun kafin ya aika wasiƙa, domin ga wani, shi ne zai juya lissafin gaba ɗaya.

In kamfani ya kafe a kan abin da kake ganin ba daidai ba ne, ka rubuta ka ce wannan ƙorafi ne a hukumance. Ƙa'idar hukumar FCA, wadda ta karɓi kula da harkar bashin masu sayayya a 2014, ta ba su mako takwas su ba ka amsa ta ƙarshe. In amsar ba ta gamsar da kai ba, ko wa'adin ya wuce shiru, sai ka kai ga ofishin sasantawa, FOS, cikin wata shida daga ranar amsar. Kyauta ne, ba ka buƙatar lauya, kuma in ka karɓi hukuncinsu na ƙarshe ya zama dole a kan kamfanin. Yayin da ake wannan, ka biya abin da ba ka musu a kansa, kamar cikon rabin, ka kuma nemi su dakatar da neman sauran har a warware.

Akwai 'yan ƙananan abubuwa da ake mantawa. Ka sanar da hukumar rajistar motoci, DVLA, cewa motar ta bar hannunka, in ba haka ba tarar kyamarar hanya da ta fakin za su ci gaba da zuwa da sunanka, kuma da sanarwar ne za a mayar maka da harajin hanya na cikakkun watannin da suka rage. In dillali ya haɗa maka da inshorar GAP, mai cike giɓin kuɗi in mota ta lalace gaba ɗaya ko an sace ta, ko wani tsarin sabis ranar saye, ka soke ka tambayi ragowar kuɗinka. Umarnin cirar kuɗi daga banki kuma ka tsayar da shi bayan ka tabbatar a rubuce cewa ba wani biyan wata da ya rage. Bayan wata ɗaya ko biyu ka duba rahoton bashinka a kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, wato Experian, Equifax da TransUnion. Sokewa bisa doka ba gazawar biya ba ce, kuma bai kamata a rubuta ta haka ba. Mai yiwuwa kamfanin da ka mayar wa ya yi maka fuskar shanu in ka sake zuwa, wannan ruwansa. Abin da ke ɓata suna shi ne tsallake biya, domin tambarin gazawa shekara shida yake yi a rahoton, kuma kamfanonin waya suna dubawa.

Wannan ya kawo ni ga waɗanda ruwa ya ƙare wa ɗan kada, suka daina buɗe wasiƙa. Kada ka daina biya ka yi shiru kana jiran su zo su ɗauka. In kamfani ya riga ka soke yarjejeniyar saboda bashin da ya taru, damar rabin na iya kuɓuce maka, ka koma ana binka duka. Gaskiya ne cewa in ka biya kashi ɗaya cikin uku ba su da ikon ƙwace motar sai da umarnin kotu ko da yardarka, amma wannan jinkiri ne kawai, ba yafiya ba. Kada kuma ka sayar wa wani ɗan uwa da hannu ka ce zai ci gaba da biya. Ba taka ba ce balle ka sayar, kuma ranar da ya fasa, sunanka ne a takarda. Wanda bizarsa ta ƙare zai koma gida, wasiƙar layi huɗun nan ta fi masa barin mota a bakin titi da makulli a hannun maƙwabci.

Na san akwai masu karatu da za su ce tun farko me ya kai Musulmi ga bashi mai ruwa. Maganarsu tana da tushe, kuma malamai ne suka cancanci su yi bayaninta, ba ni ba. Abin da na sani shi ne mutane da yawa sun riga sun shiga, wasunsu ma neman hanyar fita suke yi saboda wannan dalilin, kuma sokewa a rabi tana rage ruwan da za su biya.

Ko bayan an rabu, kada a zubar da takardun yarjejeniyar. A watan Janairun 2021 FCA ta hana tsarin da dillali ke ƙara wa mai saye ruwa domin kamashonsa ya ƙaru, kuma rigimar kamashon da aka ɓoye wa masu saye ta kai har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a watan Agustan 2025. Wanda ya ɗauki mota kafin hanin, lambar yarjejeniyarsa za a fara tambayarsa in ya je bin haƙƙinsa. Kamfanonin da ke cika mana waya da talla wai za su karɓo mana diyya, kaso suke yanka daga abin da mutum zai iya nema da kansa. Mai son a duba masa takardarsa kafin ya aika wasiƙa ya je Citizens Advice, ko ya kira StepChange ko National Debtline, duk cibiyoyin ba da shawara ne da ba sa karɓar kuɗi. Ya tafi da yarjejeniyar gaba ɗayanta, da bayanin abin da ya biya zuwa yau, da lambar mil ɗin da ke kan motar.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Naka mai karatu,
wani ma'aikacin kula da tsofaffi, Lesta, Ingila